Murar Aladu: Tarihin Wata Annoba da Yadda Aka Tunkare Ta

Gabatarwa

Ranar 11 ga watan Yuni na shekarar 2009, shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya ta lokacin, Dakta Margaret Chan, ta bayyana a birnin Jeneba cewa wata sabuwar mura ta zama annobar duniya. Rabon da a ga annobar mura mai irin wannan faɗi tun shekarar 1968. A ranar da ta yi sanarwar, an riga an tabbatar da cutar a ƙasashe 74, kuma waɗanda gwaji ya nuna sun kamu sun kusa 30,000. Masana sun kira ƙwayar cutar da H1N1, amma sunan da ya zauna a bakin jama'a, har da masu sauraren rediyo a ƙasar Hausa, shi ne murar aladu.

Tarihin wannan cuta bai fara a 2009 ba. Sau uku cikin ƙarni guda dangin wannan ƙwaya suka tilasta wa hukumomi yanke shawara tun kafin su gama sanin abin da suke fuskanta, wato a 1918 da 1976 da 2009. A kowane karo an ɗauki matakan da suka ceci rayuka, an kuma ɗauki waɗanda suka jawo asara ba tare da sun tare komai ba. Duk wanda ya jera su ya duba zai ga cewa abu biyu ne suke raba mataki mai amfani da marar amfani: ko ya tare hanyar da cutar take bi, da kuma ko ya zo a kan lokaci.

Mece ce murar aladu?

Ƙwayar bairos ce take haddasa ta, daga cikin dangin da ake kira mura nau'in A. Asalin mazaunin wannan dangi tsuntsayen ruwa ne, amma wasu rassansa sun koma jikin mutane da aladu da dawakai. Haruffan H da N suna nuni ne ga wasu sinadarai biyu da suke jikin ɓawon ƙwayar: ɗaya da shi take maƙalewa a hanyar numfashi, ɗayan kuma da shi take ɓallewa ta yaɗu. Gadon halittarta a rarrabe yake gida takwas. Saboda haka idan ƙwayoyi iri biyu suka haɗu a jikin dabba ɗaya, suna iya musayar sassa su haifi sabuwa wadda garkuwar jikin mutane ba ta san ta ba. Alade yana iya ɗaukar murar tsuntsaye da ta mutane duka, shi ya sa yakan zama wurin wannan gauraya. Ƙwayar 2009 ta haɗo sassa daga murar aladun Arewacin Amurka, da ta aladun Turai da Asiya, da ta tsuntsaye, da ta mutane.

Da zarar sabuwar ƙwaya ta koyi wucewa daga mutum zuwa mutum, ta daina buƙatar alade. Tari da atishawa ne suke watsa ta, sai kuma hannun da ya taɓa majina ya koma ido ko hanci ko baki. Alamominta kan bayyana tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu, kuma mutum na iya yaɗa ta kwana guda kafin shi kansa ya ji ciwo. Ba a ɗaukar ta daga dafaffen nama. Ya kamata kuma a bambanta ta da zazzaɓin aladu na Afirka, wanda yake hallaka aladu amma ba ya kama ɗan Adam.

1918: birane biyu, makoma biyu

Babbar annobar mura ta 1918, wadda ita ma H1N1 ce, ta kama kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, kuma an ƙiyasta ta kashe kimanin miliyan 50. An laƙaba mata sunan murar Sifaniya, alhali ba can ta faro ba. Sifaniya ba ta cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don haka jaridunta suka ba da labarin cutar a sarari, yayin da ƙasashen da suke yaƙi suka danne nasu. A shekarar ne kuma wani likitan dabbobi a jihar Ayowa ta Amurka, J. S. Koen, ya lura cewa aladu suna fama da wani ciwo mai kama da murar da take kashe mutane. A farkon shekarun 1930 Richard Shope ya ware ƙwayar daga jikin aladu, kafin a ware ta mutane a Landan a 1933. Masana da yawa suna ganin cewa a wancan karo mutane ne suka shafa wa aladu cutar, ta zauna a jikinsu shekara da shekaru.

Afirka ta Yamma ba ta tsira ba. A tsakiyar Agusta 1918 wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila ya isa Firitawun ta Saliyo da marasa lafiya a cikinsa. Daga nan cutar ta bi tashoshin gaɓar teku zuwa ƙasar Ghana ta yau, ta isa Legas a tsakiyar Satumba, sannan ta bi layin dogo da hanyoyin fatake zuwa arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Najeriya, lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba, da kuma aƙalla 100,000 a Ghana.

A lokacin babu allurar rigakafi, babu maganin bairos, ba a ma san ƙwayar ba. Makami ɗaya da ya rage shi ne raba mutane da juna, kuma birane biyu na Amurka sun nuna abin da lokaci yake yi wa wannan makami. A Filadelfiya an ga masu cutar tun 17 ga Satumba, amma hukumomi suka bari aka yi wani gagarumin jerin gwano na tara kuɗin yaƙi ranar 28 ga wata, wanda ya tara kimanin mutum 200,000. Cikin kwana uku gadajen asibitocin birnin suka cika. Ba a rufe makarantu da wuraren taro ba sai 3 ga Oktoba. A Sen Luwis kuwa, an ga masu cutar ranar 5 ga Oktoba, kuma ranar 7 ga wata shugaban kiwon lafiya na birnin, Dakta Max Starkloff, ya sa aka rufe makarantu da gidajen kallo da wuraren ibada. Matakin iri ɗaya ne a biranen biyu. Sai dai a makon da cutar ta fi tsanani, yawan mace-mace a Filadelfiya, gwargwadon yawan jama'a, ya ninka na Sen Luwis kusan sau takwas. Ita ma Sen Luwis da ta sassauta a watan Nuwamba cutar ta sake tasowa, dole aka mayar da dokar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma ba a ajiye guduma sai an gama ƙira.

1976: sauri ya haifi nawa

A farkon Fabrairu 1976 wani matashin soja ya rasu a barikin Fort Dix na Amurka. Gwaji ya nuna ƙwayar murar aladu ce, kuma ta kama sojoji sama da 200 a barikin. Tunawa da 1918 ta tsorata hukumomi. Ranar 24 ga Maris Shugaba Gerald Ford ya ba da sanarwar cewa za a yi wa duk mutanen ƙasar allurar rigakafi, majalisa kuma ta amince da dala miliyan 135. Aka fara allurar ranar 1 ga Oktoba, kuma cikin makonni goma aka yi wa mutum sama da miliyan 40.

Annobar da ake jira ba ta zo ba, domin ƙwayar ba ta fita daga barikin ba. Abin da ya bayyana shi ne wani ciwon jijiyoyi mai shanye gaɓoɓi, wanda ake kira Guillain-Barré, da ya ƙaru da kimanin mutum ɗaya cikin kowane 100,000 da aka yi wa allurar. Da a ce annoba tana kashe dubbai, da wannan haɗari ƙarami ne idan aka auna shi da amfanin allurar. Tunda kuwa babu annoba, sai ya zama asara tsantsa. Ranar 16 ga Disamba aka dakatar da shirin, kuma amincewar jama'a da hukumomin lafiya ta yi rauni.

Malamai biyu na Jami'ar Harvard, Richard Neustadt da Harvey Fineberg, sun binciki lamarin bisa buƙatar gwamnati, suka fitar da rahoto a 1978. Babban abin da suka nuna shi ne an dunƙule shawara biyu wuri ɗaya. Shawarar haɗa allura a ajiye daidai ce, domin haɗa ta yana cin watanni. Shawarar yi wa kowa kuwa ya kamata ta jira a ga ko cutar tana yaɗuwa. Tun a Maris aka ɗaure kai da duka biyun, ba a bar wata ƙofa ta sake duba hujja ba.

2009: Meksiko ta rufe ƙofofinta

A watannin Maris da Afrilu na 2009 likitoci a Meksiko suka lura da wani baƙon abu: matasa da majiya ƙarfi suna kwanciya da ciwon huhu mai tsanani, a lokacin da kakar mura ta kamata ta wuce. A tsakiyar Afrilu cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gano sabuwar ƙwaya a jikin yara biyu a Kalifoniya, kuma ba da jimawa ba aka tabbatar ita ce take aiki a Meksiko. Ranar 25 ga Afrilu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa da ya shafi ƙasa da ƙasa.

Gwamnatin Shugaba Felipe Calderón ta bi tafarkin Sen Luwis. An rufe makarantun babban birnin ƙasar ranar 24 ga Afrilu, na ƙasar baki ɗaya kuma ranar 27. Sojoji suka raba takunkumin rufe baki da hanci a tituna, aka buga wasannin ƙwallon ƙafa ba ƴan kallo, aka dakatar da tarukan ibada a majami'u, sannan daga 1 zuwa 5 ga Mayu aka tsayar da duk aikin da ba na dole ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa rufe makarantu da sauran matakan sun rage yaɗuwar cutar da kimanin kashi ɗaya cikin uku a yankin babban birnin. Ƙasar ta biya farashi mai yawa, domin masu yawon buɗe ido sun ƙaurace mata, wasu ƙasashe suka soke jirage, Sin kuma ta killace ƴan Meksiko da dama waɗanda ba su nuna alamar ciwo ba. Rufe iyaka bai hana ƙwayar tafiya ba, tunda mai ɗauke da ita yana iya sauka daga jirgi lafiya lau. Cikin makonni ta bazu nahiyoyi.

Wannan annoba ta fi taɓa yara da matasa da mata masu juna biyu da masu asma ko ciwon suga ko na zuciya. Tsofaffi da yawa sun sami sauƙi, saboda jikinsu ya taɓa haɗuwa da dangin H1N1 da suka yi yawo a duniya kafin 1957.

Masar: an bar jaki ana dukan taiki

Babu inda sunan cutar ya yi ɓarna kamar Masar. Ranar 29 ga Afrilu 2009 gwamnatin ƙasar ta ba da umarnin yanka duk aladun ƙasar, kimanin 300,000, alhali ba a sami mutum ko dabba ɗaya da ya kamu ba. Masar tana fama da murar tsuntsaye tun 2006, kuma tsoron haɗuwar cututtukan biyu yana cikin dalilan da aka bayar. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da lafiya da abinci sun ce matakin ba shi da tushe, domin cutar daga mutum zuwa mutum take tafiya.

Akasarin aladun mallakar masu kwasar shara ne na Alƙahira, waɗanda ake kira Zabbalin, mafi yawansu Kiristoci Kibɗawa. Su ne suke bi gida-gida su kwashe shara, su tsince abin sayarwa, ragowar abinci kuma su ba aladu. Da aka yanka dabbobin, dubban iyalai suka rasa abin dogaro, har aka yi arangama da ƴan sanda a unguwar Manshiyat Nasir a farkon Mayu. Ragowar abincin da babu mai cinsa ya taru a titunan birnin, kuma kafin ƙarshen shekara ya zama wata matsalar lafiya ta daban. Ita kuwa murar ta shiga Masar a farkon Yuni, a jikin wata matafiya da ta sauka daga jirgin sama.

Ba Masar kaɗai ta ruɗe ba. Rasha da Sin sun hana shigo da naman alade daga wasu wurare, a Kabul kuma aka killace alade ɗaya tilo da yake gidan namun dajin birnin. Tun ranar 30 ga Afrilu Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina amfani da sunan murar aladu, amma suna ya riga ya bi gari. A 2015 hukumar ta fitar da ƙa'idojin raɗa wa sababbin cututtuka suna, inda ta nemi a guji sunayen dabbobi da ƙasashe da mutane da sana'o'i. Akwai wani haɗarin kuma da sunan yake ɗauke da shi: mutumin da bai taɓa kusantar alade ba yana iya ɗauka cewa cutar ba ta shafe shi ba.

Hajjin 2009

Aikin Hajji na shekarar ya faɗo a ƙarshen Nuwamba, daidai lokacin da cutar take kan ganiyarta a arewacin duniya, kuma ana sa ran taron mutum kimanin miliyan biyu da rabi. A watan Yuli ministocin lafiya na yankin suka yi taro a Alƙahira, suka ba da shawarar cewa waɗanda suka haura shekara 65, da yara ƴan ƙasa da 12, da masu doguwar jinya su ɗage tafiya. Tunisiya ta hana ƴan ƙasarta zuwa a shekarar, Iran kuma ta dakatar da Umarar watan azumi. Saudiyya ta zaɓi a yi aikin tare da tsaro. An kafa na'urorin auna zafin jiki a filayen jirgi, an tanadi wuraren killace marasa lafiya da magunguna, an kuma yi ta kira ga alhazai su riƙa wanke hannu da rufe baki da hanci a cikin cunkoso.

Mahajjata huɗu na farko da aka ba da sanarwar rasuwarsu sun fito ne daga Najeriya da Sudan da Maroko da Indiya. Bayan kammala aikin, hukumomin Saudiyya suka ce waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su kai 100 ba, biyar kuma sun rasu. Gwaji ba ya kama kowa, amma bala'in da aka ji tsoro bai auku ba. Shirin ya fara watanni huɗu kafin taron, kuma ya nufi waɗanda suka fi rauni da hanyar da cutar take bi.

Allurar da ta zo bayan hari

A cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar da ake haɗa allurar mura da ita, kuma aikin yana cin kimanin wata shida. Sin ta fara allurar a Satumba 2009, Amurka a Oktoba. Ƙasashe masu arziki sun riga sun ƙulla ciniki da kamfanoni tun kafin a fara haɗawa. Faransa ta yi odar allura miliyan 94 bisa zaton kowa zai buƙaci biyu. Da aka gano ɗaya ta isa, kuma jama'a ba su fito sosai ba, sai ta soke miliyan 50 a Janairu 2010. A ɗaya ɓangaren, gudummawar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara wa ƙasashe matalauta ba ta fara isa ba sai farkon 2010. A ƙarshe an raba allura miliyan 78 ga ƙasashe 77, da yawansu bayan cutar ta lafa.

A Afirka ta Yamma cutar ta yi jinkirin bazuwa, ba ta kankama ba sai farkon 2010. Dakunan gwaji irin su Cibiyar Noguchi a Akra da cibiyoyin Pasteur na Dakar da Yawunde su ne suka riƙa tabbatar da ita, amma samfurin da yake isa gare su kaɗan ne daga cikin marasa lafiya. Lokacin da aka ayyana ƙarshen annobar ranar 10 ga Agusta 2010, mace-macen da gwaji ya tabbatar a duniya kimanin 18,500 ne. Wani babban bincike da aka buga a 2012 ya ƙiyasta cewa ainihin adadin yana tsakanin 151,700 da 575,400 a shekarar farko, kashi 80 cikin 100 ƴan ƙasa da shekara 65 ne, kuma kusan rabinsu a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Wato inda aka fi mutuwa nan ne aka fi ƙarancin gwaji, nan ne kuma allura ta fi makara. Wannan rashin daidaito yana cikin dalilan da suka sa ƙasashe suka amince a 2011 da wata yarjejeniya, wadda ta haɗa musayar samfurin ƙwayoyin mura da rabon allura da magani. A shekarar kuma kwamitin da ya duba aikin hukumar, ƙarƙashin Harvey Fineberg ɗin nan na rahoton 1978, ya yi gargaɗi cewa duniya ba ta shirya wa annoba mai tsanani ba.

Abin da yake hannun kowane gida

A watannin da babu allura, shawarwarin da aka ba jama'a a 2009 masu sauƙi ne. Mai zazzaɓi da tari ya zauna gida har sai zazzaɓin ya sauka da kwana ɗaya cur ba tare da taimakon magani ba. A rufe baki da hanci da ƙyalle ko lanƙwasar hannu yayin tari, a yawaita wanke hannu da sabulu, a buɗe tagogi, a ware wa majinyaci ɗaki da ƙwarya idan da hali, kuma mai juna biyu kada ta zama mai jinyarsa. A ba shi ruwa da yawa da farasitamol, amma kada a ba yaro asfirin, domin yana iya jawo masa mummunan ciwon hanta da ƙwaƙwalwa. Magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa bairos. Maganin da yake aiki, irin su Tamiflu, ya fi amfani idan an fara shi cikin sa'o'i 48 na farko, shi ya sa aka ce masu rauni su ga likita da wuri. Wahalar numfashi, ciwon ƙirji, ruɗewa, canjin launin leɓe, yaron da ya ƙi shan ruwa, ko zazzaɓin da ya sauka ya dawo da tari mai tsanani, duk alamu ne na a garzaya asibiti.

Kammalawa

Ƙwayar 2009 ba ta ɓace ba. Ta shiga cikin murar da take zagayowa kowace shekara, kuma tana cikin allurar mura ta shekara-shekara. A 2015 ta kashe sama da mutum 2,000 a Indiya, a Disamba 2017 kuma aka tabbatar da ita a wata makarantar kwana a Kumasi bayan rasuwar ɗalibai huɗu. Makarantun kwana da barikoki da kasuwanni da manyan taruka su ne wuraren da irin wannan cuta take samun gindin zama, kamar yadda Fort Dix da Filadelfiya suka nuna. Idan wata sabuwar mura ta sake ɓulla, tambayar farko da ta kamata hukuma da maigida su yi ita ce ta wace hanya take wucewa daga wannan zuwa wancan, komai sunan da aka raɗa mata. Sen Luwis ta yi wannan tambaya ta amsa ta cikin kwana biyu. Masar ta bi suna, ta yi asarar dabbobi 300,000, cutar kuma ta shigo ta filin jirgi.